Kwana uku a birnin Fas tare da dattijuwa: ta ina za mu fara?

Baban Khadija ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan'uwa, shawara nake nema daga waɗanda Allah ya taɓa kai su birnin Fas na ƙasar Maroko. In Allah ya yarda, a watan Afrilu zan raka mahaifiyata ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wadda ta ƙulla niyyarta tun mahaifinmu yana da rai. Kwana uku cif za mu yi a garin, wato Alhamis da Juma'a da Asabar, ban da ranar sauka da ranar tashi. Ita Hajiya zawiya ce za ta kai ta, idan ta samu ta yi wazifa a can, aka kuma yi zikirin Juma'a da ita, to buƙatarta ta biya. Ni kuwa malamin tarihi ne a makarantar sakandare, na shafe shekara 12 ina karanta wa yara sunayen garuruwan da ke ƙetaren Sahara ban taɓa taka ko ɗaya ba, don haka ba na son in je har Fas in dawo da hoton hasumiya guda kaɗai.

Damuwata ita ce Hajiya ta haura shekara 70 kuma gwiwa tana damunta, an kuma ce mini mota ba ta shiga tsohon birnin. Ta ina ya kamata mu fara, waɗanne wurare ne bai dace mutum ya bar garin bai gan su ba, kuma a wace unguwa ya fi kyau mu sauka? Sannan ɗaukar ɗan jagora dole ne, ko mutum zai iya bi da kansa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibin Fas ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da wannan hidima, ya kai ku lafiya. Na yi shekara huɗu ina karatu a garin, kuma abin da nake fara gaya wa duk baƙon da ya zo shi ne ya ajiye taswira ya riƙe gangara. Tsohon birnin, wanda suke kira Fas al-Bali, a cikin kwari yake zaune kamar akushi. Ƙofofin yamma suna bisa tudu, masallacin Ƙarawiyyin da zawiyar Shehu da majema kuwa duk suna can ƙasa kusa da kogi. Wanda ya shiga ta sama ya yi ta gangarowa har ya fita ta dandalin Rasif, inda tasi ke tsayawa, zai ga kusan komai bai sha hawa ba. Wanda ya yi akasin haka, ko da saurayi ne, kafin ya kai rabi zai nemi dakalin zama.

Tunda kai malamin tarihi ne, yana da kyau ka shiga da sanin cewa gari biyu ne aka haɗe. Maulaya Idrisu na farko ya kafa ɗaya a gabashin kogi a shekarar 789, ɗansa Idrisu na biyu ya kafa ɗayan a yammaci wajen 809. Mutanen da aka koro daga Kurɗuba ta Andalus suka cika gefen gabas, waɗanda suka zo daga Ƙairawan ta Tunisiya suka cika gefen yamma, shi ya sa har yau ake cewa ɓangaren Andalus da ɓangaren Ƙarawiyyin. Kowanne da ganuwarsa ya zauna, har sai da Yusuf ɗan Tashfin na daular Murabiɗun ya ci garin wajen 1070 ya rushe katangar da ke tsakaninsu. Amma yawancin gine-ginen da za su tsayar da kai na zamanin Banu Marin ne, waɗanda suka mayar da Fas fadar mulkinsu a ƙarni na 13 da na 14.

Ka fara da Bab Bu Jalud, ƙofar nan mai shuɗin tayil ta waje da kore ta ciki, wadda ke kan kowane hoton garin. Daga ita hanyoyi biyu suke gangarawa, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira. Ka bi Kabira. Ba za ka yi tafiyar minti biyar ba za ka iso madarasar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan na Banu Marin ya gina tsakanin 1350 da 1355, kuma a nan nake roƙonka kada ka yi gaggawa. Ka tsaya a tsakar gidan ka dubi bango daga ƙasa zuwa sama. Daga ƙasa har ƙirjin mutum ƙananan tayil ne masu launi da suke kira zallij, kowane ɗan gutsure da hannu aka sassaƙe shi aka jera. Daga nan sai layin rubutun ayoyi da baituka, sai farin jibs da aka yi wa zane tun yana ɗanye har ya koma kamar aikin wuyan babbar riga, can sama kuma katakon itacen arz na duwatsun Atlas wanda shekaru suka mayar baƙi-baƙi. A gaban wurin salla akwai ɗan magudanar ruwa da aka jawo daga kogi, da 'yan gadoji biyu da ake taka wa a tsallaka. Ta bambanta da sauran madarasun garin da cewa tana da cikakkiyar hasumiya kuma an mayar da ita masallacin Juma'a. Mutanen Fas suna ba da labari wai da aka kawo wa sarkin lissafin abin da ginin ya ci, jefa takardun ya yi a ruwa, ya ce abin da ya yi kyau ba a tambayar kuɗinsa. Ko hakan ya faru ko bai faru ba, wanda ya tsaya a wurin zai gane dalilin da ya sa labarin ya ƙi mutuwa.

Idan ka fito, ka ɗaga kai ka dubi bangon da ke fuskantar ƙofar, domin mutane da yawa wucewa suke yi ba su lura ba. Za ka ga ƙananan tagogi 12 a jere da itatuwa sun fito daga bango a ƙarƙashinsu. Wannan shi ne Darul Magana, agogon ruwa da aka gama a 1357. A da tasoshin tagulla ne a kan itatuwan, duk sa'a taga ɗaya ta buɗe, dunƙulen ƙarfe ya faɗo cikin tasa ya yi ƙara. Ya daɗe da daina aiki.

Daga nan gangara ce zalla cikin kasuwa, lungun yana ƙara ƙuntata. Duk lokacin da ka ji an ce "balak" ka manne da bango, alfadari ne ko jaki ke tafe da kaya, kuma ba ya tsayawa don kowa. Kusa da ƙasa ka ratse dama zuwa dandalin Najjarin, unguwar masassaƙa, inda akwai masaukin fatake na ƙarni na 18 mai hawa uku da aka mayar gidan adana kayan katako. Wannan gini zai yi maka amfani a aji, domin a nan za ka ga yadda ake sauke ayari: kaya da ma'auni a ƙasa, ɗakunan baƙi a sama suna kewaye da tsakar gida. Gaba kaɗan sai hubbaren Maulaya Idrisu na biyu. Za ka san ka shiga haraminsa idan ka ga gungumen katako an gitta a lungu daidai tsayin kai, wanda aka sa don hana dabbobi wucewa. Daga can madarasar Aɗɗarin ce, ta 1325, ƙarama ƙwarai amma ni a ganina ta fi Bu Inaniyya laushin aiki, kuma idan ka hau sama za ka ga ɗakunan ɗalibai waɗanda da ƙyar mutum biyu za su miƙe ƙafa a ciki. Bangonta kusan yana jingine da Ƙarawiyyin.

Game da ɗan jagora, ra'ayina shi ne ka ɗauki mai lasisi na rabin yini a rana ta farko kawai, ta hannun masaukinku. Bayan nan matambayi ba ya ɓata, kuma ko ka ɓata, ka bi gangara za ta kai ka Ƙarawiyyin.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:

Ƙanena Baban Khadija, duk abin da Tsohon Ɗalibi ya faɗa gaskiya ne, amma tafiyar masu ƙafa ya tsara maka. Na je sau biyu, na biyun tare da yayar mahaifiyata wadda ta kusan kai shekarun Hajiyarku, kuma ina tabbatar maka gangara ta fi hawa cin gwiwar tsoho. Hanyar daga Bu Jalud zuwa ƙasa ta haura kilomita ɗaya, dutse ne aka shimfiɗa, idan kuma aka ɗan yi yayyafi, wanda yakan faru a Afrilu, santsi yake yi. Kada ka bi da Hajiya ta nan. Wannan yawon naka ne kai kaɗai, ka yi shi da safe tana hutawa.

Ku nemi masauki a ƙasa, ko dai a unguwar Balida inda zawiyar take, ko kusa da Rasif. Daga tashar jirgin ƙasa, wadda ke sabon gari, ƙananan tasi jajaye za su kawo ku Rasif, mutum uku kawai suke ɗauka. A nan akwai masu kura da za su ɗauki akwatunanku har ƙofar gida, ku yi ciniki kafin a ɗora kaya. Masaukan cikin birni tsofaffin gidaje ne da aka gyara, daga waje ba ka ganin komai sai ƙofa a bangon da babu taga, ka shiga kuma ka tarar da tsakar gida mai tayil da ruwa yana zuba a tsakiya. Sai dai matakalarsu ƙunci gare ta kuma tsaye take kamar tsani. Tun kafin ka biya kuɗi ka nace a ba ta ɗaki a ƙasa, kuma ka tafi mata da rigar sanyi, domin dare yana yin sanyi ko a wannan watan.

Ita zawiyar ba za ta yi muku wuyar samu ba. Da zarar yaran unguwa sun ga shigarku za su fara cewa "Sidi Ahmad Tijani" suna nuna hanya, saboda sun saba da mutanen Senegal da Mali da namu. Hasumiyarta mai tayil ce tsakanin kore da shuɗi, ƙofar kuma an yi mata ado da zane har sama. Shehu, wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798 a zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, ya rasu a 1815, kuma a cikin zawiyar aka binne shi. Mata suna da ɓangarensu. Ranar Juma'a ku je tun kafin la'asar, domin idan aka idar da salla wuri ya riga ya cika, kuma wadda ke da ciwon gwiwa tana buƙatar inda za ta jingina da bango. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da aka shimfiɗa farin ƙyalle a wazifa, na ji wata Basenegaliya a damana da wata Balarabiya a haguna muna karanta abu ɗaya da murya ɗaya, alhali ko gaisuwa ba mu iya yi wa juna ba.

Ku lura kuma cewa yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke ranar Juma'a, saboda haka tsaraba sai Alhamis ko Asabar.

Majemar Shawwara tana kusa da zawiyar, kuma wannan ma kai kaɗai za ka je. Ba a ganinta sai daga saman shagunan masu sayar da fata, hawa biyu ko uku. A bakin ƙofa za a miƙo maka reshen na'ana'a ka kanga a hanci, kada ka raina shi. Daga sama za ka ga ramuka zagayayyu a jere kamar karofin Ƙofar Mata, sai dai sun fi yawa. Fararen su ne na jiƙa fata da farar ƙasa da kashin tattabara don gashi ya fita ta yi laushi, masu launi kuma na rini ne, majema suna tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata. A wurin ne aka yi mini abin da har yau nake jin haushinsa. Wani yaro ya tare mu ya ce hanyar zawiya a rufe take, ya bi da mu ta wani lungu, sai ga mu a shagon fata, mai shagon kuma ya tsare mu da shayi har na sayi jaka a kan kuɗin da daga baya na gane ya ninka na gaskiya. Hanya ba ta rufe ba, la'adarsa yaron yake nema. Don haka ko ɗan jagora mai lasisi ka ɗauka, ka gaya masa tun farko cewa tarihi ka zo gani, ba sayayya ba.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malam Baban Khadija, tunda abin da ka gani za ka kai wa ɗalibai, bari in gyara abu biyu kafin ka tafi. Na farko, Bab Bu Jalud da ake ta ɗauka a hoto ba tsohuwar ƙofa ba ce, Faransawa ne suka gina ta a 1913, shekara guda bayan yarjejeniyar Fas ta 1912 wadda ta sa ƙasar ƙarƙashinsu, lokacin da suka ɗauke fadar mulki suka kai Rabat. Tsohuwar ƙofar tana nan a gefenta, ƙarama, ba wanda ke kula ta. Na biyu, za a gaya maka cewa Fatima al-Fihriyya ce ta gina Ƙarawiyyin a 859 da dukiyar gadonta, 'yar'uwarta Maryam kuma ta gina masallacin Andalus a ƙetaren kogi, kuma wai Ƙarawiyyin ce jami'a mafi tsufa a duniya. Wannan shi ne abin da ya shahara, amma labarin Fatima daga Ibnu Abi Zar'in aka samo shi, marubucin ƙarni na 14, wato fiye da shekara 400 bayan ginin, kuma akwai masana tarihi da suke da ja a kansa. Abin da babu ja a kai shi ne masallaci ne da zaurukan karatu suka bunƙasa a cikinsa sannu a hankali, kuma sai a 1963 aka shigar da shi tsarin jami'o'in gwamnati.

Ban yarda da Tsohon Ɗalibi ba da ya tsaya a bakin ƙofar Ƙarawiyyin bai shigar da kai ba. Wanda ba Musulmi ba leƙe kawai yake yi daga ƙofa, kai kuwa kana da damar shiga ka yi salla, to kada ka yi wasa da ita. Daga waje ba za ka taɓa gane girmansa ba, saboda shaguna da gidaje sun rufe shi ta ko'ina, sai ka shiga ka ga ginshiƙai farare sahu bayan sahu har ido ya gaji. Hasumiyarsa ta 956 ce, da kuɗin Halifa Abdurrahman na uku na Kurɗuba aka gina ta, girman da yake da shi yanzu kuma daga faɗaɗawar Murabiɗun ne wajen 1135. Wasu daga cikin fitilun tagulla da ke rataye ƙararrawar coci ce aka kawo daga Andalus aka mayar fitila. Ka zauna bayan magariba. Za su yi da'ira su karanta hizbi guda tare da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, kuma idan ka leƙa Alƙur'anin da ke hannunsu za ka ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, daidai yadda aka rubuta maka a allo kana yaro. Wannan ya fi kowane bayani nuna wa ɗalibanka daga inda karatunmu ya biyo. Mai Ajurrumiyya da muke fara nahawu da ita, Ibnu Ajurrum, mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 1323, shi ma Ibnu Ashir, malamin fiƙihun nan, mutumin Fas ne. Ibnu Khaldun, masanin tarihin nan, ya yi aikin magatakarda a fadar Abu Inan, har ma ya sha ɗauri a garin. Hasan al-Wazzan kuma, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, a Fas ya tashi, shi ne ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir a littafin da ya kammala a 1526.

Ɗakin karatun masallacin, wanda Abu Inan ya kafa a 1349, ƙofarsa tana dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla ke zaune suna bugun tukwane tun safe. Da kunne za ka gano wurin kafin ido.

Akwai kuma inda za ka iya kai Hajiya ba tare da ta taka ƙasa sosai ba. Ku ɗauki tasi da yamma zuwa tudun arewa, wurin kangon kaburburan Banu Marin. Daga nan garin gaba ɗaya yana ƙarƙashinku, ganuwa ta kewaye shi, koren rufin Ƙarawiyyin da na Maulaya Idrisu a tsakiya, fatu kuma an shanya su a gefen tudu. Kusa da wurin akwai Burjus Shamal, sansanin da Sarkin Maroko Ahmadul Mansur ya gina a 1582, wanda yanzu gidan adana makamai ne. Wannan sarkin shi ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, saboda haka ka dube shi da idon mutumin Afirka ta Yamma, ba da idon ɗan yawon buɗe ido ba. A hanyar dawowa ku biya ta Fas Jadid, birnin da Banu Marin suka kafa a 1276, ku ga ƙofofin tagulla bakwai na fadar sarki. Ba a shiga, amma filin gabanta shimfiɗaɗɗe ne kuma mota tana kaiwa har kusa.

Baban Khadija ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Hajiya, na ɗauki maganarki, a Balida za mu nemi ɗakin ƙasa. Ga yadda na tsara: Alhamis da safe in kai Hajiya zawiya ta yi sallama, in ta koma hutawa in hau tasi zuwa Bu Jalud in gangaro, magariba a Ƙarawiyyin. Juma'a duka ta zawiya ce. Asabar majema da tsaraba da safe, tudun arewa da yamma tare da ita. Saura tambaya ɗaya. Wani abokina ya ce kabarin Maulaya Idrisu na farko ba a Fas yake ba, kuma wai ziyara ba ta cika sai an je can. Zai yiwu mu matsa shi cikin Asabar ɗin?

Tsohon Ɗalibin Fas ya amsa:

Abokinka ya yi gaskiya a kan wurin. Idrisu na farko ya rasu a 791, kuma kabarinsa yana garin Maulaya Idris Zarhun, kimanin kilomita 30 daga Miknas, ita Miknas kuma tafiyar ƙasa da sa'a guda ce daga Fas a jirgin ƙasa. Dab da garin akwai kangon Walili, birnin Rumawa da Idrisu ya fara sauka a 788 bayan ya tsira daga yaƙin Fakhkh kusa da Makka. Wuri ne da malamin tarihi zai so, amma yini guda cur yake ci, kuma babu inuwa a kangon. Ba zan ba ka shawarar cusa shi cikin Asabar ba, domin za ka rasa tudun arewa, Hajiya kuma za ta shiga jirgin ƙasa zuwa Kasablanka, tafiyar sa'a huɗu da gajiya a jiki. Idan tikitinku zai iya ɗagawa, ku ƙara Lahadi, ku yi shatar mota daga Rasif tun da safe, ku roƙi direban ya sauke ku a dandalin garin, domin daga nan zuwa hubbaren tafiya kaɗan ce, hawan yana can bayansa ne.

Almajirin Zaure kuma na karɓi gyara a kan Ƙarawiyyin. Abin da zan ƙara shi ne ka tafi da 'yar leda ta zuba takalmi, domin ƙofofin masallacin suna da yawa, kuma sau da dama ba ta wadda ka shiga za ka fita ba.